Akwatin Yaya: Abin da Na Tarar Cikin Faifan Sol da Fank na Baƙaƙen Amurka



Na san kafin a kai ƙarshen shafin nan wani zai ajiye mujalla ya ce, "Yanzu Malam da ke jan mu sallah in liman ya yi tafiya, shi ne zai zauna yana yi mana sharhin kiɗan Turawa?" To a yi mini uzuri, a ji dalili tukuna. Masu kiɗan nan dai jikokin bayi ne da aka kwasa daga wannan gaɓar tekun tamu. Sannan ba ni na je neman maganar ba, rabon gado ne ya kawo ta har ƙofar shagona.

Bayan rasuwar yayana, Allah Ya jiƙansa, muna fitar da kayan ɗakinsa sai ga wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Mun zaci takardun fili ne. Da aka fasa kwaɗon sai ga faifan garmaho guda 43, kowanne cikin kwalinsa, an naɗe su da tsohon zanen Inna. Yaya yaron motar goro ne a samartakarsa, tsakanin Badun da Kano, kuma duk ɗan abin da ya samu a hanya, rabi na gida ne, rabi na masu sayar da faifai a Dugbe. Ina ƙarami ina ganinsa da gashi tuli guda da wando fantalo mai share ƙasa, Baba na ta faɗa. Daga baya ya aske, ya yi aure, ya je Makka, ba mu sake jin kiɗa a ɗakinsa ba. Ashe bai zubar ba.

Magada suka rabu uku: a sayar, a ƙona, a ajiye. Aka ce Malam ya duba. Ni kuwa ko huhun goro aka kawo mini ba na sa masa kuɗi sai na kwance ganye na ga cikinsa. Ɗan marigayin, wanda ke harkar situdiyo da abokansa, ya nemo waƙoƙin a intanet ya zuba mini a waya, ya riƙa fassara mini inda Turancina na kasuwa ya gaza, yana karanto mini tarihin masu su. Wata biyu muna wannan bayan isha'i.

Ba fatawa zan bayar ba. Wanda ya karanta Risala ya san ta hana sauraron kayan kiɗa da waƙa. Wanda ya kai Ihya'u ya san Imamu Gazali ya ware wa saurare babi guda, ya rarrabe hukunci gwargwadon abin da ake faɗa da halin mai ji. Kowa ya bi malaminsa. Nawa shi ne in faɗi abin da ke cikin huhun, mai kyau da ruɓaɓɓe.

Ci-ranin da ba a koma gida ba

Daga wajen 1916, shekarar da aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo, zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar kudancin Amurka, inda doka ta raba su da farare a makaranta, a cikin mota, har a famfon shan ruwa. Suka nufi Chicago, Detroit, Philadelphia da New York neman aikin masana'anta, suka sauka a unguwanninsu na baƙi, wanda ya riga zuwa ya sauki ɗan garinsu. Ba sai na yi wa ɗan Sabo bayanin wannan rayuwa ba.

Abin da suka taho da shi daga gida shi ne waƙar cocinsu: jagora ya ɗaga, jama'a su amsa, ana tafi ana buga ƙafa. Wanda ya saba jin Shata da 'yan amshinsa kunnensa ba zai yi baƙunta ba. Sol ita ce wannan waƙar ibada da aka fito da ita kasuwa, aka cire ambaton Ubangiji aka sa na budurwa. Ray Charles ya yi haka a shekarun 1950, Sam Cooke ya bar ƙungiyarsa ta coci mai suna Soul Stirrers a 1957 ya bi sahu, masu wa'azinsu kuwa suka yi musu ca. Kun ga ke nan ba a Sabo aka fara faɗan malamai da mawaƙa ba.

Motown: kayan kanti masu kyan ɗauri

Faifai 11 cikin akwatin na kamfanin Motown ne, mafi yawa na Temptations. Berry Gordy ya kafa kamfanin a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga adashin danginsu. Ya taɓa aiki a layin harhaɗa mota na kamfanin Ford, sai ya ɗauko tsarin ya sa wa waƙa. Masu rubuta baiti daban, makaɗa daban, mai koyar da taku daban, har da wata mata, Maxine Powell, da ke koya wa mawaƙa yadda ake tafiya da zama da gaisawa da manya. Ranar Juma'a a zauna a saurari abin da aka ɗauka a makon, a jefa ƙuri'a kan wanda zai fita kasuwa. A matsayina na ɗan kasuwa na sara masa.

Temptations mutum biyar ne, kuma a jerin da ya fi shahara duka biyar ɗin a kudu aka haife su: Otis Williams a Texas, David Ruffin a Mississippi, Eddie Kendricks da Paul Williams da Melvin Franklin a Alabama. Gwanintarsu tana cikin jera murya. Kendricks yana can sama siriri kamar sarewa, Franklin yana can ƙasa kamar daga cikin rijiya, Ruffin a tsakiya da murya mai ƙaiƙayi irin ta wanda ya kwana yana kira. Ba wanda ke taka wani. Wanda ya taɓa shirya yara su rera ƙasida a walimar sauka ya san wahalar sa murya biyar su zama ɗaya.

Amma waƙoƙinsu na farko, irin su "My Girl" ta 1964, ban ga abin ajiyewa a cikinsu ba bayan daɗin kunne. Alewa ce. An wanke su, an goge, an sa musu kwat, don kada su firgita farar fata mai saye. A shekarun da ake sakar wa 'yan uwansu karnuka a titin Birmingham, su suna waƙar hasken rana da zuma. Na fahimci dalili, mai shago ba ya zagin mai saye. Duk da haka na ga gazawa ce.

Sai da Norman Whitfield ya karɓi ragamar shirya musu kiɗa, daga 1968 suka fara taɓo talauci da yaƙi da ruɗanin zamani. Ƙololuwar wannan ita ce "Papa Was a Rollin' Stone" ta 1972, kuma in aka ce in zaɓi abu ɗaya daga akwatin nan, ita zan ɗauka. Tsawonta a babban faifai kusan minti 12 ne. Kusan minti 4 na farko ba wanda ya buɗe baki: babbar jita mai kaurin murya tana maimaita 'yan bugu ƙalilan tana yin shiru, ƙarfen ganga yana tsit-tsit kamar agogo, ƙaho yana kuka daga nesa. Mutum zai ji kamar yana zaune a zauren makoki ana jiran wanda zai fara magana. Sannan 'ya'ya su fara tambayar uwarsu, ɗaya bayan ɗaya, game da ubansu da ya mutu ba su san shi ba sai ta bakin mutanen gari: maganar rashin sana'arsa, maganar wani iyali da ya ajiye a waje, maganar wa'azin da ya riƙa yi yana cin kuɗin jama'a. Uwar ba ta zage shi ba, ba ta kuma wanke shi ba. Amsa ɗaya take maimaitawa, cewa mutumin bai taɓa zama wuri ɗaya ba.

Wallahi da yaron nan ya gama fassara mini sai na kashe wayar. A layinmu kaɗai na san gida huɗu da maigida ya ce zai je Fatakwal ko Kwatano ya dawo, yara har sun yi gemu. Na sha yin nasiha a kan haƙƙin iyali bayan sallar asuba, ban taɓa iya sa mutane su ji abin daga bakin yaron da aka bari ba, kamar yadda waɗannan suka yi. Batun mai wa'azin ƙarya kuwa, ni da ke tsayawa gaban sahu na ɗauki rabona.

Masu saƙo: Impressions da O'Jays

Curtis Mayfield ya tashi a gidajen talakawa na Cabrini-Green a Chicago. Ƙungiyarsa, Impressions, ba ta da hayaniya. Murya uku ne masu taushi da jita mai sanyi, amma waƙoƙinsu na 1964 da 1965 su masu zanga-zangar neman 'yanci suka riƙa rerawa a hanya, zamanin Martin Luther King. Abin da ya burge ni shi ne ladabin harshensa. Yana kiran mutanensa su tashi, su yi haƙuri, su ci gaba, ba ashar ba cin mutunci. A 1990 ƙarfen fitilun dandali ya faɗo masa a Brooklyn, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. A haka, yana kwance rigingine, ya ɗauki faifansa na ƙarshe layi-layi, ya fito a 1996. Ya rasu a 1999.

O'Jays kuwa 'yan Ohio ne, amma a Philadelphia suka yi suna, a hannun Kenny Gamble da Leon Huff. Faifansu na 1973, "Ship Ahoy", shi ne wanda kwalinsa ya fi tsufa a akwatin, alamar Yaya ya sha juya shi. Zanen bangon ya nuna su a cikin jirgin bayi. Waƙar da ta ba faifan suna ta haura minti 9, ta buɗe da ƙarar igiyar ruwa, da kukan katakon jirgi, da tsawar bulala. A nan na ga haɗinmu da su na gaskiya. Cikin waɗanda aka yi lodi a jiragen nan akwai Musulmi masu karatu. Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a Carolina ta Arewa. Hausawa da yawa kuma an bi da su ta gaɓar nan aka kai su Bahia ta ƙasar Brazil, inda suka yi ta tayar da bore a farkon ƙarni na 19. Hanyar da motar goro ke bi ta sauko kudu, akwai lokacin da mutane aka koro ta irinta a ɗaure.

A faifan dai akwai waƙar da ke kashedi kan son kuɗi, yadda yake sa mutum ya cuci ɗan uwansa na jini. Saƙon daidai ne. Inda na sami matsala shi ne kiɗan ya fi saƙon ƙarfi, jitar da ta buɗe waƙar tana da daɗin da har masu tallar dukiya suka mai da ita takensu. Wannan aibi ne da ke bin duk waƙar wa'azi mai zaƙin kiɗa, har da namu na Hausa: ƙafa tana rawa, kunne ya bar maganar a baya.

Fank: kowa ya zama makaɗi

James Brown ɗan shushaina ne a garin Augusta na jihar Georgia, ya yi zaman gidan yari yana ɗan shekara 16. Shi da makaɗansa suka juya sol ta koma fank, tsakanin 1965 da 1967. Abin da suka yi shi ne, suka rage hawa da saukar karin waƙa, suka ɗora nauyi duka a kan bugun farko na kowane zagaye, sannan kowane kayan kiɗa ya koma ganga. Jitar Jimmy Nolen ba ta rera komai, karce take yi. Ƙahonin Maceo Parker da Fred Wesley sara suke yi su tsaya. Muryar Brown kanta gurnani ce da ihu da umarni. Kowa yana da ɗan gurbinsa, yana bugawa ya bar wa wani fili, kamar mata uku a turmi ɗaya, taɓarya ba ta karo da taɓarya.

Ta fuskar gwanintar kiɗa, babu kamarsu a akwatin. Ta fuskar magana kuwa, ba su da yawa. Mafi yawan baitocin Brown ba su wuce a tashi a taka ba, wasu kuma ba za su fassaru a mujallar da yara ke ɗauka ba. Inda ya yi abin a yaba shi ne 1968. An kashe King ranar 4 ga Afrilu, garuruwa suka kama da wuta, washegari Brown ya yi wasa a Boston aka watsa a talabijin, mutane suka zauna a gida, garin ya tsira daga mafi munin tarzomar. A shekarar kuma ya fitar da waƙar da ta sa yaro baƙi ya faɗi launinsa da ƙarfi ba kunya. Wanda ya ga yadda man bilicin ke tafiya a kasuwarmu ya san har yau ba a gama wannan yaƙin ba.

Ya zo Nijeriya a Disambar 1970, makaɗansa suka je gidan rawar Fela a Legas suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Kafin nan Geraldo Pino, mutumin Saliyo, ya riga ya cika Legas da irin wannan kiɗa. A Maris 1971 aka yi babban taron Soul to Soul a Accra, da Wilson Pickett da Staple Singers da Ike da Tina Turner. A 1977 Stevie Wonder ya zo FESTAC. Wannan iskar ce ta kaɗo har ta shigo ɗakin Yaya.

Sauran 'yan fank ɗin, a gurguje. Sly and the Family Stone sun haɗa baƙi da fari, maza da mata, a ƙungiya ɗaya tun ana ganin abin kamar hauka, kuma salon dukan babbar jita da babban yatsa daga wurin Larry Graham nasu ya yaɗu. Earth, Wind & Fire sun fi kowa tsabtar aiki, ƙahoninsu kamar an auna da ma'auni, shugabansu Maurice White ya shigo da kalimba, ɗan kayan kiɗan Afirka da ake taɓawa da manyan yatsu. Sai dai sunan ƙungiyar daga taurarin haihuwarsa ya ciro shi, bangon faifansu cike da dalar Fir'auna da alamomin duba, wannan kuwa ba ruwan Musulmi da shi. Parliament da Funkadelic na George Clinton, kiɗa ne mai nauyi a hannun mutanen da suka mai da shiririta ado. Na Ohio Players guda biyu da na tarar, kwalayensu ma ban bari yara sun gani ba.

Waɗanda suka yi sallah

Mu da muka yi samartaka a shekarun 1980, lokacin da kamfanin Silverbird ke kawo irin su Shalamar Legas, Kool & the Gang muka fi sani. Ba bikin da za a yi a Mokola ba a sa "Celebration" ta 1980 ba. Ban sani ba sai yanzu cewa 'yan uwa biyun da suka kafa ƙungiyar a Jersey City a 1964 Musulmi ne: Robert Bell ya zama Muhammad Bayyan, Ronald Bell ya zama Khalis Bayyan. Khalis, wanda ya rasu a 2020, ya faɗa da bakinsa cewa tunanin waƙar ya zo masa ne yana karanta ƙissar halittar Annabi Adamu a Alƙur'ani. Niyyarsa tana wurin Allah. Amma na ga inda waƙar ta ƙare, a gidajen giya da wuraren casu, kuma a ganina ayar Allah ta fi ƙarfin a yi mata wannan rakiya. A kiɗa ma, aikinsu na farkon shekarun 1970, mai ƙaho da zafi, ya fi na baya da suka sassauta don kasuwa.

Joe Tex ya karɓi sunan Yusuf Hazziez, ya ajiye waƙa a 1972 tana tsakar kawo masa kuɗi, ya koma wa'azi. Jermaine na gidan Jackson ya musulunta a 1989 bayan ziyarar Bahrain. A lura, da yawansu ta ƙofar Nation of Islam suka shigo, wadda aƙidarta ta farko ta saɓa wa abin da muka karanta a Islamiyya, sai bayan rasuwar Elijah Muhammad a 1975 ɗansa Warith Deen ya ja mafi yawan mabiya zuwa tafarkin Sunna. Wanda ya fi burge ni shi ne Kenny Gamble, wato Luqman Abdul Haqq. Ya koma tsohuwar unguwarsu a kudancin Philadelphia, ya sayi rusassun gidaje ya gyara wa talakawa, ya buɗe makarantu. Attajiranmu da suka ƙaura Bodija suka manta kwatar Sabo, ga abin koyi.

Wa ya ci ribar?

Nan ne idona na ɗan kasuwa ya fi buɗewa. Na juya bayan kwalayen Motown na shekarun 1960 ina neman sunan waɗanda suka buga kiɗan, babu. Mutanen nan, da ake kira Funk Brothers, su suka buga kusan duk abin da kamfanin ya fitar a Detroit, ana biyansu kuɗin zama kawai. Sai a 1971, a faifan Marvin Gaye, aka fara rubuta sunayensu. A 1972 kamfanin ya tattara ya koma Los Angeles ya bar mafi yawansu. James Jamerson, mai babbar jitar da duniya ke kwaikwayo har gobe, ya rasu a 1983 yana da shekara 47, ba kowa ya san shi ba. Florence Ballard, wadda da ita aka kafa Supremes, an fitar da ita a 1967, ta kai ga karɓar tallafin gwamnati, ta rasu a 1976 tana da shekara 32. Gordy ya sayar da kamfanin a 1988 a kan dala miliyan 61.

James Brown, mai waƙar 'yancin baƙar fata, tarar makaɗansa yake ci a kan kuskuren bugu ɗaya ko takalmin da ba a goge ba, yana nuna musu da yatsu ana tsakar wasa. A Maris 1970 suka yi masa bore kan kuɗi, ya sallame su ya ɗauko yara, cikinsu har da Bootsy Collins. Mai gangarsa Clyde Stubblefield ya yi wani ɗan bugu na kimanin daƙiƙa 20 a 1969, wanda daga baya masu hip-hop suka yanka suka ɗora waƙoƙi sama da dubu a kai. Sunansa ba ya cikin marubutan waƙar, saboda haka bai sami kaso ba. Da ciwo ya kama shi, mawaƙi Prince ne ya biya masa kuɗin asibiti a ɓoye.

Kamfanin Stax na Memphis, gidan Otis Redding, ya sa hannu a takardar rarraba kaya da kamfanin Atlantic a 1965. Redding ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1967 tare da huɗu daga yaran Bar-Kays. A 1968 da aka zo rabuwa, sai mai Stax ya tarar akwai sharaɗi a takardar da ya mallaka wa Atlantic duk faifan da ta rarraba musu. Bai karanta da kyau ba. Ka haifi ɗa, ka raine shi, a nuna maka sa hannunka a ce ba naka ba ne. Curtis Mayfield kuwa tun yana saurayi ya riƙe haƙƙin mallakar rubutunsa, ya kafa kamfaninsa Curtom, shi ya sa da ya kwanta ciwo yana da abin da ke shigo masa.

Sai ƙwaya. David Ruffin hodar iblis ta kashe shi a 1991 yana da shekara 50. Paul Williams giya ta cinye shi, aka tsinci gawarsa a 1973 yana da 34. Sly Stone ya kai yana ƙin zuwa wasan da aka riga aka sayar da tikitinsa, ƙungiyar ta watse, har aka ruwaito shi yana kwana a mota. Yaranmu masu kwalbar kodin da tiramol a bayan tasha suna cewa ita ke buɗe musu basira, su dubi waɗannan. Sun fi ku basira nesa ba kusa ba, ba ta kuma bar su ba.

Abin da na ce wa magada

Ina cikin wannan bincike yaron nan ya kawo mini wata takarda. Wani mai shirya waƙa a Legas ya ba shi da abokansa, su sa hannu: duk abin da suka rera na shekara biyar nasa ne, shi kuma zai ba su lokacin situdiyo da sabuwar waya kowanne. Shafi tara ce da Turanci, ba wanda ya karanta ta cikinsu, har biyu sun riga sun sa hannu. Na ce masa, "Ɗana, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ubanka ko ƙwaryar goro zai bayar bashi sai ya kira dillali ya tsaya." Muka kai takardar wurin lauya, ɗan unguwar nan. Abin da ya ce mana bai bambanta da abin da ya sami Stax ba. Yaron bai sa hannu ba. Biyun da suka riga, ana nan ana fama.

Game da harkar waƙar tasa, na gaya masa abin da na sani na malamai, na kuma gaya masa ni da zai bi ta tawa da shago ya kama. Amma in ya nace, to ga ma'auni a akwatin ubansa. Mutanen nan sun yi shekaru suna gyara murya a coci da bakin titi kafin su ga situdiyo, ba na'urar da ke daidaita musu karkatacciyar murya. Mafi alherin abin da suka bari shi ne inda suka faɗi ciwon mutanensu: uban da ya gudu, jirgin bayi, son kuɗi. Na soyayyar banza da na batsa, ko a garinsu yawanci an manta da su. In zai rera, ya rera Sabo da Hausar Sabo: gobarar kasuwa, ɗan acaba da aka ƙwace wa babur, yarinyar da aka cire daga makaranta. Ya bar kwaikwayon sarƙar wuya da motar haya.

Faifan kuwa, ban yarda a ƙona ba, ban kuma ce kowa ya saurara ba. Biyun nan masu hoton tsiraici na yaga kwalayensu da hannuna. Sauran aka yi musu kuɗi a wurin wani mai tara tsofaffin faifai, aka sa su cikin rabon yaron da yardar 'yan uwansa, bisa sharaɗi ɗaya da na gindaya masa: ya zauna ya karanta bayan kowane kwali, ya rubuto mini a takarda wa ya rera, wa ya rubuta, wa ya buga, wa ya mallaka. Ya kawo mini na 19 ya zuwa jiya, saura 22.

Wanda ya ga kuskure a maganata, shagona yana nan inda aka sani, a zo a gyara mini, akwai goro. Allah Ya jiƙan Yaya da dukkan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani.

Wassalamu alaikum.